Ƙaiƙayi a Wurin da Babu

Litinin, da yamma

An yi. Na dawo gida da ƙafata, ina tafiya a buɗe kamar agwagwa. Malama, matata, ta tare ni a bakin ƙofa ta karɓi ledar magunguna, ta ce, "Sannu, Baban Ummi. Da zafi?" Na ce ba komai.

Bari in rubuta sau ɗaya, don ba zan sake ba. Kaciya aka yi mini, ni da furfura a gemu. Wanda ya yi mini ina yaro bai gama aikinsa ba, ya bar saura, wai na cika ihu har Baba ya ce ya isa haka. Sauran nan bai taɓa damuna ba sai da ciwon suga ya shigo. Fatar ta riƙa tsagewa tana warkewa, kowace warkewa kuma tana ƙara matsewa, har ta kai ba ta ja baya ko kaɗan. Shekara biyu ina cije haƙori. Likita ya gwada man shafawa bai yi ba, shi ne ya ce sai an yanke.

A shago na ce musu basir ne. Gara basir.

Talata, da safe

Kumburi. Ba komai.

Laraba, da hantsi

Akwai abin da na tsallake ranar Litinin. A bencin jiran likita wani dattijo ya zauna kusa da ni, da baƙar lema a naɗe tsakanin gwiwoyinsa. Bai yi sallama ba. Ya leƙa katina, ya ga ɗakin da aka tura ni, sai ya ce, "Ɗana, ka yi bankwana?"

Na ce, "Da wa, Baba?"

Ya ce, "Da ji. Da farko zai zo maka da yawa, ko iska ta taɓa ka sai ka zabura. Kada ka yi murna, fita yake yi. Daga nan wurin ya bushe, ya yi kauri. Wata rana iyali ta taɓa ka, ka ji kamar dunduniya aka taɓa maka."

Yana maganar yana kallon bango. Sai Sista ta kira ni, na tashi. Ban so in rubuta ba don kada maganar ta zauna, amma ga ta ta zauna ko ban rubuta ba.

Alhamis, bayan azahar

Na koma aka canza bandeji. Sistar nan mai nauyin hannu ce, ga surutu. Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce mata, "Sista, abin da aka cire, ina ake kai shi?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, za ka karɓa ne ka ajiye? Kwandon rawaya ake sakawa, a ƙona a bayan asibiti tare da sauran tarkace."

Da na fito na bi ta baya, ban san dalili ba. Akwai wani ɗan gini mai dogon bututu, hayaƙi siriri yana fita. Ina tsaye ina kallo sai na ji ɗumi a jikina, a can. Ba a kan ɗinkin ba. Gaba da ɗinkin kaɗan, inda yanzu babu komai sai wando. Na tsaya har hayaƙin ya ɗauke, ɗumin ma ya ɗauke.

Juma'a, da asuba

Tsohon zafin ne ya tashe ni, matsin nan da na sani shekara biyu. Na kunna fitila na duba. Abin da ke matsewar ba ya nan.

Lahadi, da yamma

Dattijon ya yi gaskiya a rabin farko. Wando ya zama abokin gaba. Ummi ta zo da gudu za ta hau cinyata, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Yarinya ta tsaya da baki buɗe, ta tafi bayan uwarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban kira ta ba.

Malama ta ce, "Yi haƙuri, Ummi, Baba ba shi da lafiya." Ba ta kalle ni ba. Ta ci gaba da duba littattafan 'yan ajinta da jan biro.

Likita ya ce mu haƙura da juna mako shida. Malama ta ji da kunnenta, tana wurin lokacin da aka sa mini ranar aikin.

Laraba, da rana

Na koma shago. Dogo, abokin aikina mai feshin fenti, ya ajiye mini matashi a kan kujera, ya rubuta "Mai Basir" da alli a jiki. Ya ce, "Malam, zauna a hankali, kada a ce mu muka ɓata aikin likita." Na yi dariya don ya bar ni.

Ni aikina gamawa ne. Wasu su yanka, su haɗa, ni in bi da sanfefa har katako ya yi santsi. Ba na yarda da ido. Nakan bi tebur da bayan yatsu, inda ido ya ce an gama, hannu ya ce da saura. Ba yabon kai ba, a layin nan babu wanda ya kai ni.

Don haka na san abin da mai lema yake nufi, na fi likita sani ma. Katakon da aka feƙe yanzu, cikinsa laushi gare shi, har da ɗanshi. Ka bar shi a fili iska ta yi ta bugunsa, hannuwa su yi ta gogarsa, sai ya ƙeƙashe. Shi ya sa duk teburin da na gama nake rufe shi da ƙyalle mai laushi kafin mai shi ya zo. Yau na daɗe ina kallon ƙyallayen nan a kan kanta.

Asabar, da safe

Ƙaiƙayi, a wurin da babu. Me mutum zai sosa?

Litinin, bayan la'asar

Ranar duba ɗinki. Likita ya ce yana kyau, zaren zai narke da kansa, in bar wurin ya sha iska, kada in ƙara sa bandeji. Na buɗe baki zan yi tambayar da mai lema ya dasa mini, sai na ga wata ɗaliba tsaye bayansa da takarda. Na ce na gode.

Mai lema yana bencin, a wurinsa na rannan. Wannan karon ni na zauna kusa da shi. Na ce, "Baba, babu dabara?"

Ya ce, "Iska ya ce maka, ko? Haka suke faɗa wa kowa. Rufe shi. Kada ruwa mai sanyi ya taɓa, kada yadi mai kaushi ya taɓa. Kuma kada ka yi gaggawar komawa ɗaki. Abin da ya rage maka a ƙidaye yake, kowace taɓawa tana cire ɗaya."

Na ce, "Kai naka ya daɗe?"

Ya gyara riƙon lemarsa. Na lura farcensa duk a cinye suke, har nama.

Talata, da yamma

Na ɗauko ƙyalle ɗaya daga shago, na yanka shi ƙanana, na naɗe da auduga a ciki. Na ji sauƙi nan take. Wando bai ƙara damuna ba.

Ba komai. Ba komai.

Juma'a, da hantsi

Na fara gwaji. Idan Dogo ya fita cin abinci, nakan shiga bayan gida da ƙaramin buroshin nan mai laushi da muke share ƙura da shi a lungun sassaƙa. Taɓawa ɗaya kawai, don in san inda ake. Ranar Laraba na zabura. Jiya na zabura, amma ban tabbata ya kai na Laraba ba. Yau ban sani ba. Sai na sake, don in tabbatar. Sai na tuna kowace taɓawa tana cire ɗaya, na zauna a bakin bokiti.

Dogo ya ƙwanƙwasa. "Malam, ko a kira motar asibiti ne?"

Lahadi, da rana

Na koma kwana a falo. Na ce mata zafi ake yi a ɗaki. Gaskiyar ita ce ƙafarta takan taɓa ni cikin barci.

Alhamis, da magariba

Na ga hayaƙi daga wajen asibiti ina kan hanyar gida. Da nisa sosai, wataƙila ma shara wani ke ƙonawa. Ɗumin ya zo duk da haka.

Wani lokaci ina jin kamar abin nan bai ƙone ba. Yana wani wuri, a ƙasan wani kwando, kuma jin nawa na gaskiya yana can tare da shi, wanda ke jikina saura ne kawai. Na san wannan ba maganar mai hankali ba ce. Na rubuta ne don in gan ta a takarda in ji kunya. Na gani, ban ji ba.

Asabar, da yamma

Na daɗe ban rubuta ba. Lokacin da likita ya ɗiba ya cika tun farkon makon nan. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba.

Yau na dawo na tarar an kai Ummi gidan gwaggonta. Sabon zanen gado. Gidan yana ƙamshi. Malama ta yi kitso, ta sa rigar nan mai ruwan goro da na taɓa cewa tana yi mata kyau. Ta kawo shayi ta zauna kusa da ni, kusa sosai, ta ɗora hannu a gwiwata.

Na miƙe kamar an tsikare ni. Shayin ya zube. Na ce na manta ban kulle shago ba.

Alhali na kulle. Na je na buɗe, na zauna a cikin ƙurar katako har aka yi isha'i. Ina son matar nan, Allah ya sani. Don ita nake ajiye sauran jin. Idan na kashe shi yanzu, me zan kawo mata baɗi?

Lahadi, da safe

Ta wanke rigar, ta shanya, alhali ba ta yi datti ba. Ta ce, "Ina kwana, Baban Ummi," kamar yadda take gaida direban makarantarsu.

Talata, da rana

Akwai wari. Na canza ƙyallen sau biyu, yana nan. Dogo ya ce ko ɓera ya mutu a bayan katakai, ya yi ta jan kaya yana nema. Na taya shi nema.

Laraba, da asuba

Zazzaɓi. Buroshin ban ji shi ba sam yau, sai zugi. Ya tafi ke nan. Ban ma yi amfani da shi ba ya tafi.

Alhamis, bayan azahar

Likita ya warware ƙyallen da safar hannu, ya ɗaga shi sama ya kalle ni. "Wannan mene ne?"

Na ce ƙyallen rufe tebur ne.

"Kai tebur ne?" Bai yi dariya ba. Ya ce na dafa kaina da kaina, mai ciwon suga da gumi da auduga mako da makonni, saura kaɗan ɗinkin ya ruɓe. Ya rubuta magani, ya ce a wanke, a bar shi a buɗe. Yau babu ɗaliba, sai na yi tambayar, kaina a ƙasa.

Ya ajiye biro. Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Zai canza. Zaburar nan ta farko za ta kwanta, dole ne, in ba haka ba ba za ka iya sa wando ba. Bayan nan, wasu suna ce mini ya ragu, da yawa suna cewa daidai yake, masu irin ciwonka sukan ce ya fi, don sun rabu da zafi. Wanne ne naka, ban sani ba. Kuma ba a bayan gida za ka gano ba." Ƙaiƙayin wurin da babu, ya ce jijiyoyi ne ba su gama yarda ba, zai wuce.

Na ce wani da aka yi wa ya gaya mini ba haka ba.

Sista tana wanke hannu, ta juyo. "Wa? Ba dai mai lema ba?" Ta kalli likita, likita ya girgiza kai. Ta ce, "Malam, shi ai ba a yi masa komai ba. Tun kafin a kawo ni nan yake zuwa. Ya karɓi kati, ya zauna, in an kira shi ya tashi ya fice. Matarsa ce ma take kawo shi da farko. Yanzu shi kaɗai yake zuwa."

Da na fito yana bencin. Wani saurayi yana zaune kusa da shi da kati a hannu, dattijon ya karkata yana yi masa magana, idonsa a bango. Na so in je in fizgo yaron. Ban je ba. Sai dattijon ya ɗago ya dube ni, karo na farko, ya matsa ya bar mini wuri a bencin, ya dafa wurin da tafin hannunsa.

Ban san lokacin da na kai titi ba.

Asabar, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Na jefa buroshin a shara, na koma na ɗauko, na sake jefawa.

Ina ta tunanin matar da take kawo shi da farko.

Lahadi, bayan la'asar

Na gaya mata. Ummi tana wasa a gidan maƙwabta, Malama tana guga a falo. Na tsaya a bayanta na faɗi komai, mai lema, ƙyalle, buroshi, har hayaƙin. Na yi zaton za ta yi dariya, ko ta yi kuka. Ta ci gaba da guga har ta gama rigar makarantar Ummi, ta ninke, ta kashe wuta.

Ta ce, "To. Kana tsoron kada ka daina ji."

Na ce eh.

Ta ce, "Baban Ummi, shekara biyun nan da kake cije haƙori, kana zaton ban sani ba? Ina jin ƙarar haƙoranka. Na koyi kwanciya shiru, ko motsi ba na yi, numfashi ma a hankali, don kada in ji maka ciwo. Ina kallon silin ina addu'a ka gama lafiya. Tun ina yi da gangan har jikina ya iya da kansa."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai ka faɗa?" Ta naɗe wayar abin gugar a hannunta. "Rannan da na sa rigar nan, ba don ina jin wani abu ba ne. So nake in gani ko zan ji. Kai kuwa ka tashi, wai za ka kulle shago."

Na ce, "Yanzu fa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kai ko da buroshi kana gwadawa."

Ta shiga kicin. Na ji ta buɗe famfo, ruwan ya daɗe yana zuba ba a tara komai ba.

Litinin, da safe

Na juya shafukan nan tun daga farko. Zafina, ƙaiƙayina, ɗumina. Ko layi ɗaya babu a kan nata.

Laraba, da yamma

Na mayar da matashina ɗaki tun shekaranjiya. Ta matsa can gefe ta bar mini wuri mai yawa, fiye da yadda nake buƙata. Ba abin da ya faru. Ba na gaggawa, amma ina jin tsoro, kuma tsoron ba irin na da ba ne.

Ɗazu tana zaune a bakin gado tana duba littattafai, ta juya mini baya. Na zauna a bayanta. Na ɗora hannuna a wuyanta, ƙasan kitso, inda da can ko numfashi na hura sai ta noƙe kafaɗa ta ce in bari.

Ba ta noƙe ba. Jan biron ya ci gaba da tafiya. Ta gama littafi ɗaya ta ajiye, ta ɗauki wani. Ban sani ba ko ba ta ji ba ne, ko ta ji ta ƙi. Na so in ɗauke hannun in ce ba komai, na hana kaina. Na bar shi a wurin. Ta gama na biyu. Ta buɗe na uku, ta daɗe a shafi ɗaya, biron ya tsaya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Hannunka da kaushi."

Na ce, "In ɗauke?"

Ta rufe littafin a kan biron.

Ta ce, "Tsaya tukuna. Bari in ji."